Haihuwar Fari ta Uwar Saikad

Mahamadou bai zo New York don ya yi noma ba, amma hannun da ya saba da ƙasa ba ya jin daɗin riƙe gilashin ido. Shekara tara ya yi a bakin Canal Street yana tallan tabarau da jakunkuna, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da aka ce masa wata ƙaramar ƙungiya a Bronx tana neman mai ban ruwa a ɗakin gilashin da take renon tsirrai, ko shawara bai yi ba. Mutumin Ingal ne, ɗan masu dabino, jikan masu dabino, kuma bai taɓa bari wani ya manta da haka ba.

Shugabar wurin Dokta Tahiratu ce, 'yar Zangon Kumasi, masaniyar tsirrai. Ranar farko ta kai shi ƙuryar ɗakin, gaban wata bishiya gajera mai kaurin turmi, ganyenta kamar na dabino amma da ƙaya.

"Baba Mahamadou, wannan sunanta saikad. Mace ce. A kan dutsen da suke fitowa a kudancin Afirka ɓarayi sun tone su kakaf. Namijin irinta guda ɗaya aka sani, shi ma ya mutu. Garin furensa yana freezer ɗin can cikin 'yar kwalba. Ranar da ta fitar da kai zan zuba mata, mu samu iri. Ka riƙe min ita kamar 'yarka."

"Dokta, ai barbarar dabino ke nan," in ji shi. "Tun ban yi gemu ba nake hawa ina ɗaura namiji a kan mace. Ki kwantar da hankalinki."

Ta yi dariya, ta wuce ofis. Da ta ƙara minti biyu ta faɗa masa sauran bayanin, da ba a yi wannan labarin ba. Amma masu ilimi haka suke, abin da suka sani tun tuni gani suke kowa da shi aka haife shi.

Ya kuwa riƙe ta. Kullum daga Harlem zai hau jirgin ƙasa, kafin ya cire rigar sanyi ya je ya duba ta. A lokacin ƙwari sun addabe ta, ganyenta ya yi rawaya. Da auduga ya riƙa goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, yana mata magana da Hausa, yana kiranta Hajiya. Sauran ma'aikata suna cewa tsohon ya yi amarya. Ko a jikinsa.

Ana cikin haka mahaifiyar Dokta Tahiratu ta rasu a Kumasi. Ta tafi da niyyar sai an yi sadakar arba'in.

Sati biyu da tafiyarta tsakiyar bishiyar ta kumbura. Kafin wata ya cika wani kai ya fito, kore, mai siffar abarba. Mahamadou ya yi hamdala har da ƙwalla. Sai kuma ya dubi ganyen da bai gama farfaɗowa ba. A Ingal duk wanda ya san dabino ya san ba a barin haihuwar fari, balle ga uwar da ta tashi daga ciwo. Yankewa ake yi tun yana ƙarami, don kada ɗa ya tsotse uwa. Baɗi sai ta ba ka ninki biyu. Mahaifinsa ya taɓa marinsa a kan ya bar wa wata ƙaramar dabino 'ya'yanta na fari, kuma har yau yana ganin gaskiyar tsohon.

Ya ɗauko waya zai kira Dokta, ya mayar aljihu. Wa ke kiran mai zaman makoki ya yi mata maganar bishiya? Ai rashin kunya ne. Ya wasa wuƙarsa, ya yi bisimilla, ya yanke kan daga tushe, yanka mai kyau irin na gwani. Ya shafa toka a wurin. Kan kuma ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya ajiye, don ta gani da idonta ta yi murna.

Ranar da ta dawo sai da ya gama yi mata ta'aziyya tsaf, sannan ya kawo ƙunshin ya buɗe a kan teburinta yana murmushi.

Ta daɗe tana kallon kan. Ta sa yatsa ta taɓa, ta janye.

"Baba, wa ya yanke?"

"Ni ne. Uwar ba ta da ƙarfi. Baɗi in Allah ya kai mu za ki ga abin mamaki."

"Baɗi," ta ce a hankali. Ta zauna. "Ba dabino ba ce, Baba. Shekara ashirin da shida tana cikin tukunyar nan, wannan ne na farko. Na biyu yana iya kai shekara takwas, yana iya kai goma. Garin namijin kuma ina testing ɗinsa kowace shekara. Da na karɓe shi, cikin ɗari saba'in na da rai. Bana saura tara."

Da ta yi masa ihu, da ya fi masa sauƙi. Baƙin ciki irin wannan bai taɓa jinsa ba tun ranar da fari ya kashe gonar mahaifinsa.

"Pardon, Dokta," ya ce. "Amma akwai dabara. Na ga 'ya'ya biyu sun tsiro a gindinta. Sai mu cire mu dasa, kamar yadda muke yi a gida."

"Za mu dasa. To kai da ka san dabino, ɗan gindin mace me yake zama?"

Ya sani. Tun yana yaro ya sani. Ɗan gindin mace mace ne, ko sau dubu ka dasa shi. Namiji sai daga ƙwallo, ƙwallon kuma ga shi nan a tsumma, bai nuna ba, ba zai nuna ba.

"Mace," ya ce.

Ba ta kore shi ba. Ta tashi ta buɗe freezer, ta ɗauko 'yar kwalbar, ta riƙe ta a tafin hannu har raɓar sanyin ta narke. Garin ciki bai fi cikin cokalin shayi ba, launin ruwan ƙwai. Ta ajiye ta a kan tebur kusa da kan da ya yanke, ta fita.

Mahamadou ya tsaya yana kallonsu, namijin da macen, tazarar yatsa uku a tsakani. Iyakar haɗuwar da suka yi ke nan.