Shafin da Mai Haya Ya Yanke

Auta ta juya shafi na ɗari biyu da goma, sai ta ci karo da bangon littafi. Ta girgiza shi. Babu komai.

Ta manta da halin mai hayar littattafan bakin tasha. Shi ba ya karɓar jingina, reza yake sawa ya yanke shafin ƙarshe ya jefa a aljihun tebur. Mai son jin yadda aka kwashe, ya dawo masa da kayansa ya karanta a tsaye. Dabara ce mai kyau, sai dai bai yi ta da tunanin mutumin da za a shiga da shi tiyata ƙarfe biyu ba.

"Kin yi shiru," in ji Baba daga kan gadon asibiti. Shekara takwas ke nan da idanunsa suka tafi, amma kunnen nan ba a yi masa wayo.

Littafi na talatin da bakwai ne a jerin labaran ɗan leƙen asirin nan, Shaho, wanda Baba yake bi tun yana koyon ɗinki. Shi ya matsa sai wannan za ta karɓo. Ga Shaho ɗaure a ƙasan jirgin ruwa, ruwa ya kai masa wuya, ga agogon asibiti ya nuna ɗaya da rabi. Likita kuwa ya faɗa mata a baranda cewa ba lallai zuciyar ta jure aikin ba. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta gyara murya, ta kafa wa bangon littafin ido.

"Sai Shaho ya tuna da allurar da ke cikin kwalar rigarsa. Ya zaro ta da haƙori, ya kwance ƙullin, ya yi iyo har gaɓa."

"Allura," Baba ya yi murmushi. "Lallai 'yar tela ce ke."

"Baba, haka aka rubuta!"

"Auta, na karanta shi da idona tun kina rarrafe. A wannan Shaho ba ya fitowa da rai. Shi ya sa na ce ki karɓo shi, don bakina ya kasa faɗa miki."

Ma'aikaciyar jinya ta turo gadon taya ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya lalubo hannun Auta ya riƙe.

"Malama, ki ba mu minti biyu," in ji shi. "To, ya kai gaɓa. Sai me ya faru?"