Ranar da Tankin Gaiwa Ya Tsage

Ƙungiyarmu ta masu kiwon kifin ado a birnin Halle na Jamus tana da ɗaki a ƙarƙashin wata tsohuwar mashaya. Tankunan gilashi ne suka zagaye bangon, a kusurwa kuma ga kabad ɗin mujallun da ƙungiya ke bugawa tun kafin a haife ni. Makullinsa yana hannun Eckhard Brüsewitz, tsohon da ya haura tamanin, mai kafiya kamar me.

Da aka yanke shawarar ɗaukar hoton mujallun a adana su a kwamfuta, ni aka ɗora wa aikin. Eckhard ya ƙi ƙememe, domin sai an farke ɗinkin kowane kundi kafin shafukan su shiga na'ura. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin shi zai farke da hannunsa, kuma na shekarun farko su zo a ƙarshe. Waɗannan da tafireta aka buga su, aka juya su da wata tawada ruwan makuba wadda ko gumin yatsa yana ɗauke ta. A saninmu babu wanda ke da irinsu.

Wata Asabar da hantsi layi ya zo kansu. Tebur bai isa ba, sai ya shimfiɗa kwalaye a ƙasa ya jera shafukan shekara-shekara. Yana yi yana tsokanata, wai ni uwar na'ura in wanke hannu tukuna, ya ga man tsiren da na karya da shi yana ƙyalli a yatsuna.

Ina goge hannun ke nan muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Babban tankin ne, wanda gaiwarmu ke ciki, kifin da ya kai tsawon hannuna. Tsaga ta taso daga kusurwar ƙasa ta miƙe sama, ruwa ya fara tsattsafowa. Ruwan da ke cikin tankin nan ya isa ya malale ɗakin duka.

Eckhard ya fizgo wani katako, ya kara shi a jikin gilashin, ya danna da kafaɗa. Ni kuwa idona yana kan wayar lantarkin da ke kwance a ƙasa, ruwa na rarrafowa wajenta. Na haura bene da gudu na kashe wutar ɗakin. Da na dawo, hasken 'yar tagar da ke kallon titi kawai ya rage, injinan da ke ba tankunan iska duk sun yi tsit, ana jin ɗigar ruwa da numfashin tsohon.

Na roƙe shi ya matsa daga wurin.

"Kwashe takardun, Heidrun," ya ce, bai ko waigo ba. "In na saki, shi ke nan."

Na shiga kwasa ina kaiwa kan matakala. Tsarin da ya ɓata safiya yana yi duk na hargitsa shi. Duk sawun da na yi sai na goge hannu a rigata, tsoro nake kada damshi ya taɓa tawadar. Kwalayen da ke kusa da tankin sun fara jiƙewa daga gefe. Na dubi Eckhard. Leɓensa ya yi fari, kuma na san bara aka yi masa aikin zuciya.

Saura tari ɗaya, can gindin tankin, sai gilashin ya sake yin ƙara. Tsagar ta rabu biyu, ɗaya ta nufi daidai wuyansa. Ya nuna mini takardun da haɓa. Na tsallake su, na cakumi kwalar rigarsa da hannu biyu, na fizge shi baya. Tare muka faɗi. Gilashin ya buɗe, ruwa ya kwararo da tsakuwa da ciyayi ya bi ta kanmu, gaiwar ta faɗo tana bugun ƙasa da wutsiya.

Na ja shi zuwa matakala. Gilashi ya ɗan yanke shi a damtse, ban da wannan lafiya lau yake. Ya daɗe yana kallon ruwan, wanda ya rine ya koma makuba a inda takardun suke.

"Na wace shekara ce kika bari?"

Na ce ta farko. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce in jiƙa tawul in naɗe gaiwar in sa ta a baho, ba za ta mutu ba tunda iska take shaƙa, amma in kula da yatsuna, tana cizo.

Shafukan da ruwa ya ci sun bushe fari fat, ko harafi ɗaya bai tsira ba. Muka yi cigiya wajen tsofaffin 'yan ƙungiya. Matar wani marigayi a garin Merseburg ta samo mana fitowa biyu a cikin kayan mijinta. Sauran har yau ba a same su ba.

Eckhard ya yi makonni ba ya yi mini magana. Ya gaya wa mutane cewa da na bar shi, da ya riƙe gilashin har in gama. Ban yi masa musu ba. Da bazara ta shigo sai ga shi da sandarsa, ya ja kujera kusa da na'urar, ya fara tsince shafukan da na cakuɗa a kan matakala yana mai da kowanne shekararsa. Yana miƙo mini, ina ɗaukar hotonsu, har muka gama.