Rediyon Asabar

Tun daga hawa na biyu Sumire ta fara jiyo muryar mai sharhi, kafin ta isa ƙofar mahaifinta a hawa na uku har an busa usur an take wasa. Ta tsaya tana haki, riƙe da jakar takarda. A ciki akwai riga mai lamba tara, sabuwa fil, wadda kulob ɗin Shiokaze ya aiko. Mako mai zuwa kulob zai cika shekara sittin, ana so tsoho Iwao Kurihara ya fito tsakiyar fili ya ɗaga wa jama'a hannu. Wasiƙa uku suka rubuta masa bai amsa ba, shi ne suka nemo 'yarsa a Osaka. Ita ɗin ma, in za a faɗi gaskiya, rabonta da shi ido da ido an doshi shekara biyu, kuma duk bana bai ɗaga mata waya ba.

Ta ƙwanƙwasa sau biyu a hankali, irin ta masu tarbiyya.

"Baba? Ni ce, Sumire."

Ba amsa, sai hayaniyar 'yan kallo daga rediyo. Ƙofar da ke kallon tasa ta buɗe, tsohuwa Tokue ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Af, 'yar Kurihara-san ce? Kin yi ƙiba, birni ya karɓe ki."

"Barka da rana, Iya. Yana nan kuwa?"

"Yana nan mana, ba ki ji ba? Duk Asabar ƙarfe biyu sai ya cika mana kunne da ƙwallon nan. Mijina da shi yake saita agogo."

"Yaushe rabonki da ganinsa?"

Tsohuwar ta ɗaga kai tana tunani, sannan ta ɗan ɓata rai. "Gani kuma? Ni fa ba mai leƙen ɗakin mutane ba ce, 'yar nan. Mutum na zamansa lafiya, sai in je in dame shi?"

Sumire ta rusuna ta ba ta haƙuri. Hankalinta ya ɗan kwanta. Tun tana ƙarama dokar gidansu ce, in ana wasa ba a yi wa Baba magana sai an tafi hutun rabin lokaci. Don haka mace mai shekara hamsin da biyu ta gyara siket, ta zauna a kan matakala tana jiran a busa.

*

Lokacin da Iwao ya fara buga wa Shiokaze, ba kulob ba ne na a zo a gani. Ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ne, su yi walda da safe, su buga ƙwallo da yamma a filin yashi. Shi gwanin ci da ka ne. Ƙwallon fata ta wancan zamani in ta sha ruwan sama nauyi take yi kamar kabewa, haka zai sa mata goshi sau ɗari a rana, koci na cewa a ƙara. Da kansa ya haye da su zuwa rukuni na sama. Daga baya masana'anta ta rufe, kulob ya zama na ƙwararru, aka sake launin riga, aka gina fili mai rufi, aka rataye hotonsa a bango kusa da wurin sayar da dafaffiyar taliya. Hoton kam ana goge shi kullum.

Shi kuwa Iwao, kan ne ya fara tafiya, mantuwa ta kama shi. Ya manta sunan titinsu, ya manta an binne matarsa. Abu ɗaya bai manta ba, duk lokacin da Sumire ta ce za ta zo, sai ya ce, "Kada ki wahalar da kanki. Ba na son in zame wa kowa kaya." Ita kuwa ta karɓi maganar hannu bibbiyu. A garin nan ana kiran wannan ladabi, kuma ba ƙaramin sauƙi ladabin yake kawo wa 'ya'ya ba.

Iska mai ƙarnin kifi ta hauro matakalar. Sumire ta kasa kunne. A da in aka ɓarar da ƙwallo sai ka ji Baba ya daki tebur yana zagin ɗan wasan da kakansa. Yau an ɓarar da biyu, ko tari ba ta ji ba.

Sai ta tuna zuwanta na ƙarshe. Ta same shi yana kuka don ya manta ranar wasa, shi ne ta sayo masa rediyo mai agogo, ta jona a bango, ta saita shi da hannunta ya riƙa kunna kansa duk Asabar ƙarfe biyu, ya kashe kansa ƙarfe huɗu.

Ta miƙe, ta gangara neman mai kula da ginin.

*

Mai kula da ginin, wani siririn mutum mai suna Hatanaka, sai da ya sa ta cike takarda.

"Ba kyau a faɗa wa mutum ɗaki haka kawai," ya ce yana juya mabuɗi. "In ya yi fushi, ke kika sa ni."

Ƙofar ta ƙi buɗuwa sosai. Wasiƙu ne da takardun talla suka taru a bayanta har gwiwa. Duk da haka su biyun sai da suka cire takalma, suka jera su a bakin ƙofa.

Tagar ɗakin a buɗe take kaɗan ta wajen teku, labule na motsi. Mahaifinta na zaune a ƙasa gaban ɗan teburinsa, bargon hunturu a kan ƙafafunsa, kansa jingine da bango. Ya bushe, ya ƙanƙance cikin rigar sanyi. Shayin da ke cikin kofi ya ƙafe ya bar baƙin zobe. Kalandar da ake yage wa shafi kullum ta tsaya a kan tara ga Maris. Yau sha takwas ga Oktoba.

Sumire ta durƙusa. Kukan bai zo ba, kunya ce ta zo, mai zafi.

"Baba," ta ce. "Na zo."

Hatanaka ya haɗa tafukan hannunsa ya sunkuyar da kai, sannan ya raɗa mata, "Zan kira 'yan sanda. Amma don girma, a yi a hankali, kada a tayar wa maƙwabta hankali."

"Ka yi haƙuri," ta ji bakinta na faɗa. "Mun dame ku."

A rediyo an dawo daga hutu. Muryar mai sharhi ta fara hawa, bugun kusurwa, wani yaro ya tashi sama ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Ɗakin ya cika da ihun mutum dubu goma sha biyar.

Sai aka daki bango daga ɗaya gefen, sau uku, daidai inda kan tsohon yake jingine.

"Kurihara-san! Ka ji wannan? Irin taka ce, da ka!"

Hatanaka ya kalle ta. "Tsoho Genzo ne, na ɗakin da ke bayan bangon nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ƙafafunsa sun daina aiki, ya daɗe bai fita ba. Shi kaɗai yake."

Sumire ta dubi bangon. Ta san ya kamata ta zagaya ta gaya masa, amma ta ji ba za ta iya ɓata wa dattijo murnarsa ba. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗar mahaifinta, ta ƙwanƙwasa sau uku.

Sannan dariya ta biyo, ta tsoho mai ƙarancin numfashi.

"Yau kam ka amsa, ɗan girman kai. Tun hunturu nake buga maka."