Garayar da Ta Daina Ɗaga Murya

Ranar da likitan asibitin Soba ya ce mu mayar da matata Mariyamu gida, ranar ce komai ya sauya. Bai ce ta warke ba. Ya ce gida zai fi mata, kuma ya faɗi haka yana kallon takalminsa. Na yi shekaru ina gyaran rubutun mutane a wata maɗaba'a a Khartoum, na san kamannin jimlar da aka cire wa abin da ta zo faɗa.

Muka haye gada da ita zuwa Omdurman, muka kwantar da ita a ɗakinta a Umbadda. Ciwon a kai yake, kuma ƙara ce babbar abokiyar gabarta. Faɗuwar murfin tukunya, kukan jakin mai sayar da ruwa, har buɗe shafi idan takardar sabuwa ce, duk sai ta runtse ido ta kama gefen gado.

Ƙaninta Jatau makaɗin garaya ne. Iyayensu, kamar nawa, auduga suka tsinta a Gezira har bayansu ya lanƙwashe. Ni na fita ta ƙofar makaranta, shi ya fita ta ƙofar kiɗa. Yana da ƙungiya: masu caki, 'yan amshi, da wani mawaƙi mai murya kamar ana jan akuya zuwa mahauta. Suna bin bukukuwan mutanenmu daga Umbadda har Alhilla Kuku, suna wasa duk wanda ya sa sabuwar jallabiya. Garaya kuwa tsirkiya biyu ce da ita, ana kartar su da wata 'yar busasshiyar fata, kuma ba don marasa lafiya aka yi ta ba. Don tayar da unguwa aka yi ta.

Tsakanina da Jatau akwai wasan da al'ada ta ɗora mana. Miji da ƙanin matarsa ba sa maganar hankali. Yana kirana ɓarawon Yaya, ina kiransa maroƙi. Tun ranar da na auri yayarsa ba mu taɓa faɗa wa juna kalma mai nauyi ba, kuma na lissafa wannan cikin 'yan ni'imomin aure.

Da ya zo da garayarsa a rataye, na tare ƙofa.

Na ce, "Ina za ka da wannan ƙwaryar?"

Ya ce, "Wajen yayata. Kai ina za ka da wannan fuskar?"

"Ƙarar cokali ma tana sa ta hawaye."

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro fatar da yake karta tsirkiya da ita, ya danƙa min a tafi. "Riƙe. Ka samu abin sa wa littafi alama."

Ya shiga ya zauna a ƙasa kusa da matashinta, ya tsayar da garayar tsakanin gwiwoyinsa, sandarta na jingine da kafaɗarsa. Bai karta ba. Ya ɗora yatsun hannayensa biyu a kan tsirkiyoyin, can a jikin sanda, yana ɗan taɓa su kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ake barci. Daga bakin ƙofa ban ji komai ba. Na ɗauka kwaikwayon kiɗa yake yi don ya faranta mata, yadda ake yi wa yara.

Haka ya yi ta zuwa kowace la'asar. Ni nakan karanta mata littattafai da safe, a hankali, in zaɓo mafi kyawun abin da Larabawa suka rubuta a kan haƙuri, sai ta yi barci. Shi ya zo ya taɓa wayoyinsa, sai ta buɗe ido. Na lura da wannan, ban kuma yafe wa ko ɗayansu ba.

Wata rana bayan ya tafi ta ce, "Malam, ranar bikin Hajara ka bar Jatau ya kaɗa."

Hajara ita ce 'yarmu tilo, a lokacin ko manemi ba ta da shi.

Na ce, "Da ƙungiyarsa? Ai ango zai gudu."

"Shi kaɗai."

"Makaɗi shi kaɗai ai mabaraci ne."

Ta yi ta kallona har na ce to. Ba ta kai ƙarshen sanyin shekarar ba.

Bayan arba'in aka sa ran Jatau zai koma sana'a. Bai koma ba. Mawaƙin ƙungiyar ya zo har gida ya same ni, wai in yi masa magana tunda ni mai ilimi ne: ga bukukuwa sun yi layi, ga mutumin da ya fi kowa hannu ya koma dakon buhuna a kasuwar Omdurman. Na kira Jatau na ce, "Maroƙi, an ce ka tuba. Wace karuwar waƙa ce ta yaudare ka?"

Ya ce, "Hannuna ne ya ƙi. In na ɗauki fata sai in ji kamar zan yi wa mutum ihu a kunne."

"To wa kake yi wa wannan ƙwanƙwasar tsirkiya da aka ce ba ka daina ba?"

"Ban sani ba tukuna. In na sani kai ne na ƙarshen da zai ji."

Ya ƙara wa garayar tsirkiyoyi da wayar birkin keke. Yana dawowa daga kasuwa sai ya zauna a rumfar gidansa shi kaɗai, ba waƙa, ba amshi, ba kiran sunan kowa. A wajen mutanenmu kiɗan da bai kira sunan kowa ba, to da aljanu ake yi. Haka aka ce, mata suka riƙa jan 'ya'yansu idan sun zo wucewa.

Shekara biyu bayan haka Ishaku ya nemi Hajara. Yaro ne mai hankali, kuma tana son sa, wanda ya fi hankalin muhimmanci a wajenta. Ubansa Alhaji Ilyasu babban ɗan kasuwa ne, daga gidajen da suka zauna a Omdurman tun kakanni. Asalinsu namu ne, amma sun ninke shi sun sa a ƙasan akwati. Larabci suke yi a gida da waje. Idan aka yi Hausa kusa da Alhaji sai ya duba agogo.

Da muka zauna tsara biki na gaya masa kawun amarya zai kaɗa garaya.

Ya ce da Larabci, "Ya Ustaz, na ɗauko masu udu da akodiyon daga Khartoum. Garaya ta 'yan bori ce da masu tsintar auduga."

Na ce da Hausa, "Ni ɗan masu tsintar auduga ne."

Ya duba agogo. Sannan ya ce, a fili ba kwana, idan garaya ta shiga wurin, shi da mutanensa za su tashi, kuma ba za su ɗauki amarya ba. Abokan cinikinsa za su zo, ba zai tsaya a gabansu a tuna masa abin da kakansa ya sha wahala kafin a manta ba.

Abin haushin shi ne ra'ayinmu ɗaya da shi game da garaya. Amma na yi wa matacciya alkawari, kuma matattu ba sa karɓar uzuri. Hajara ta ji labari, ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba, idan suka tashi fa?"

"Sai su tashi."

"Kai ba ka ma son kiɗan Kawu."

"Ban taɓa jin sa ba."

Ta ce, "To a kan abin da ba ka taɓa ji ba za ka kashe min aure?" Na juya ina gyara littattafan da ke bayana. Ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Ranar biki aka kafa rumfa a titin gidanmu, maza a gefe, mata a gefe. Masu udu, molon Larabawa, suka yi ta yi ta lasifika har kaji suka bar unguwa. Bayan sallar la'asar, kafin su koma kan kayansu, Jatau ya shigo da tsohuwar jallabiyarsa ya zauna a ƙasa a tsakiyar fili. Wani ya miƙo masa makirufo, ya ture da bayan hannu.

Alhaji Ilyasu ya ga abin da ke kafaɗarsa. Ya miƙe daga kan shimfiɗa, mutanensa suka miƙe. Ya sa takalmi ɗaya, ya sunkuya ya ɗauki ɗayan.

Jatau ya riga ya fara. Ba wanda ya ji farkon, saboda surutu da ƙarar kofunan shayi. Waɗanda ke kusa da shi ne suka fara yin shiru don su gane me yake yi, shirunsu ya sa na bayansu suka yi shiru, haka ya yi ta bazuwa kamar ruwa a sabuwar gona, kunya bayan kunya, har ya iso inda nake. Sai na ji.

Hannun hagu yana kan tsirkiya mai kauri, yana tafiya a hankali, taku mai nauyi kamar na mace ɗauke da tulu. Hannun dama yana can sama a kan wayoyin keke, yana zuba wasu 'yan sautuka sirara masu haske, suna gaba suna dawowa, suna kewaya takun nan kamar yaro da uwarsa a hanya. Mutum ɗaya ne a zaune, amma biyu nake ji, wani lokaci uku. Kowane sauti ba fizgo shi ake yi ba, taɓa shi ake yi ya fito da kansa, ya tsaya a iska ya ɗan yi rawa kafin ya mutu. Ba kalma ko ɗaya. Ni da na ci abinci da kalmomi duk rayuwata, na tsaya ina neman inda zan sa jan alƙalami, ban samu ba.

Sannan akwai tsayawar. Yana cikin tafiya sai duka hannayen su ɗaga, a yi shiru, shirun ya yi tsawo har ƙirjinka ya fara ciwo, sai sautin ya dawo. Ya sake tafiya, ya sake tsayawa, wannan karon ya fi tsawo. A tsayawa ta uku ko ta huɗu na gane. Na san wannan tsawon. Na zauna kusa da shi makonni ina jira ya ƙare. Numfashin Mariyamu ne a kwanakinta na ƙarshe: ta ja, ta riƙe, ka ce shi ke nan, sai ta sake. Jatau ya koyi sa sautinsa a inda ba zai dame ta ba, a tsakanin numfashi da numfashi, kuma da ta tafi ya bar mata gurbinta a cikin kiɗan. Mutum ɗari biyu a titin Umbadda suna riƙe numfashi tare da matar da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya ƙare a kan tsayawa. Muka yi ta jira, sautin bai dawo ba.

Daga gefen mata wata murya ta fito, tsohuwa, da Hausar da na rabu da ji tun kakata. Gogo Sittana ce, mahaifiyar Alhaji Ilyasu, wadda jikokinta suka rantse ba ta jin Hausa, ko da sannu.

Ta ce, "Yaro, wa ya koya maka?"

Jatau ya ce, "Ba kowa, Gogo. Yayata ce ba ta son ƙara."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ina amaryar? A kawo min ita nan kusa da ni." Sannan ta juya wajen maza. "Ilyasu, ko ka sa takalmin nan ko ka ajiye shi. Ka tsaya kamar zakara a ruwa."

Ya dubi takalmin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya ajiye, ya zauna. Da magariba suka ɗauki Hajara, Gogo na riƙe da hannunta har mota.

Na sami Jatau a bayan rumfa yana naɗe garayar a tsumma. Na shirya jimlata tun daga nesa, na gyara ta, ta yi kyau. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Ashe ƙwaryar tana magana."

Ya ce, "Ta fi mai gidan."

"Jatau, da gaske nake."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Ranar da ka yi da gaske, ɓarawon Yaya, kogin Nilu zai juya ya koma Habasha." Ya rataya kayansa ya tafi. Na bar shi, na ce gobe ma rana ce, zan same shi a rumfarsa in zauna a ƙasa yadda ya zauna.

Goben ta yi ta zama gobe. Da damina ta kusa ya tafi garin Maiurno wajen dangin uwarsu, wai can akwai shiru. Zazzaɓi ya same shi a can, ya rasu kafin kaka. Wani direban lori ne ya kawo min garayar, har yanzu a cikin tsummanta.

Tana rataye a ɗakin Mariyamu. Na taɓa gwada ta sau ɗaya, ta yi ƙara kamar ɗigon randa. Fatar tana cikin littafin da nake karantawa, tana aikin da ya ba ta.

Abin da na je bayan rumfa in faɗa masa ba shi da tsawo, kuma ba ya bukatar gyara: Jatau, na gane ta, yayarka ce. Zauna ka sake kaɗawa.