Mabuɗin Ɗakin Sanyi

Tun ranar da sabon manaja ya fara aiki na tsane shi, kuma ba zan ɓoye ba. Ko sati bai cika ba ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin aikina, ya leƙa ta saman kafaɗata, ya ce wannan ɗaki ɓarnar wuri ne.

Kamfaninmu kayan gyaran mota yake sayarwa, rassa huɗu gare mu. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rassan nan yana cikin wasu manyan kwamfutoci biyu da muke kira saba, kuma ni ke kula da su shekara bakwai ke nan. Ɗakinsu ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, ƙofar ƙarfe, babu taga. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa domin injinan ba sa son zafi, ko wuta ta ɗauke akwai batura jere a ƙasa. Mabuɗin guda ɗaya ne, yana jakata.

Abin da manaja ya zo da shi shi ne a kwashe komai a mayar gajimare. Wato mu daina ajiye injinanmu, mu yi hayar wuri a injinan wani babban kamfani can wata duniya, mu riƙa shiga ta intanet. Ba ya buɗe baki ya rufe bai ambaci kalmar ba, har direbobi suka sa masa suna Gajimare. Ni ma da shi nake kiransa a zuciyata, sai dai nakan ƙara masa wasu kalmomin da ba za su rubutu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yana da gaskiya. Ya ce in gobara ta tashi a ɗakin nan, aikin shekara ashirin ya tafi a minti goma. Ya ce bara da saba ɗaya ta mutu, rassa huɗu sun yi kwana biyu suna rubutu a bayan kwali. Ya ce baturan sun tsufa, na'urar sanyi tana shan wuta fiye da duk ofishin, alhali a gajimare iya abin da ka yi amfani da shi za ka biya. Ni na fi shi sanin duk wannan, ni na yi fama da sabar da ta mutu. Kuma bai ce a kore ni ba, cewa ya yi za a tura ni horo in ci gaba da kula da sabon tsarin. Wata uku ya ɗiba a gama ƙaura, sannan a mayar da ɗakin wurin ajiye taya.

Ni kuwa ɗakin nake so. 'Yata bakwaini ce, watanta biyar, har yanzu hannunta bai fi babban yatsana kauri ba. Sau biyu muka gwada mata madarar gwangwani, kowane karo iri daban, sau biyun tana amai har ta yi laushi, jikinta ya fito da ƙuraje. Likita ya ce nonon uwa kawai, kuma kada mu yi gaggawar fara mata wani abinci. Mahaifinta yana aiki a wani gari, Mama ce ke riƙe ta in na fito. Saboda haka kullum ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe biyu nakan kulle ƙofar ƙarfen nan, in zauna a kan kwali, in tatsa kwalba biyu, in saka a wani ɗan firij da na saya na ɓoye a bayan batura. Abin da na tatsa yau shi take sha gobe.

Maza talatin da ɗaya ne a ginin, ni kaɗai ce mace. Banɗaki ɗaya ne, sakatarsa ma ta lalace. Ranar da na dawo daga hutun haihuwa, mai kamfani ya yi mini barka, ya ce yana fata raino ba zai biyo ni ofis ba, ya yi dariya, kowa ya taya shi. Daga ranar na san ta ciki na ciki.

Sai na ɗaura ɗamarar yaƙi. In Gajimare ya nemi lambar sirri, sai in ce sai na duba. In ya nemi jerin manhajojinmu, sai in ba shi rabi. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, duk saƙon da zai aiko mini sai ya saka mai kamfani a ciki, da “kamar yadda na tunatar da ke jiya” a samansa. A taro na ce intanet ɗinmu ba ta da tabbas, ya kawo takarda. Na ce sirrin kamfani zai koma hannun baƙi, ya kawo wata takardar. Muka daina gaisawa. In muka haɗu a baranda kowa bango yake kallo.

Wata rana ya ƙwanƙwasa ina tsakiyar tatsa. Na ce ina aiki. Ya tsaya nan bai gusa ba har na gama, na goge, na buɗe ina huci.

“Malama, ke ba jahila ba ce,” ya ce. “Kin san hujjojinki ba su da ƙafa. Me ke cikin ɗakin nan da ba kya son a sani?”

“Shekara bakwai na aikina ne a ciki,” na ce. “Kai da ka zo jiya ba za ka gane ba.”

Na ja ƙofar na kulle a gaban idonsa. Da na ba Mama labari, sai ta ce in faɗa masa gaskiya kawai, ai shi ma mace ta haife shi. Na ce mutumin da ke tura wa mai kamfani kwafin kowace magana, shi zan buɗe wa rigata? Ta ce to, in zan gina ramin mugunta in gina shi gajere. Na ji haushinta ita ma.

Ranar da zai nuna wa mai kamfani gwaji, aka taru a babban ɗakin taro da shugabannin rassa. Ya kunna allo, ya nuna yadda reshe zai sayar da burki ɗaya a can, nan take adadin ya ragu a nan. Mai kamfani yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ƙarfe sha ɗaya na nemi uzuri na fita. Na yi tatsata, na saka kwalabe biyu a firij, sannan na tsaya ina kallon wayar da ke kawo wa ginin intanet. Shuɗiya ce, ni na saka ta da hannuna. Na zare ta, na ƙirga minti biyar, na mayar. Na ce bari mai kamfani ya gani da idonsa yadda gajimare ke watsewa.

Na koma ina shirin ganin fuskar Gajimare ta yi gumi. Allon yana nan yana aiki lafiya lau. Ashe ya zo da wani ɗan akwati mai layin waya a ciki, wanda ke karɓar aiki da kansa in babbar waya ta yanke, kuma ya ajiye shi ne don ya nuna a ƙarshe. Na yi masa gwajin kyauta. Ya ce kowa ya gani, an yanke intanet minti biyar babu wanda ya sani. Sannan ya ɗaga wayarsa ya karanta saƙon da ya shigo masa, cewa ba daga waje matsalar take ba, daga cikin ginin aka zare, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da biyu. Bai kalle ni ba. Sauran ne suka kalle ni.

Mai kamfani bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗin. Na ce ranka ya daɗe, akwai kayana a ciki. Ya ce za a fito mini da su. Ya tura wa manaja mabuɗin ta kan tebur, ya ce daga yau ba ni ba ɗakin nan, kuma albarkacin shekara bakwai ne bai sallame ni ba, amma in na ƙara kuskure ɗaya ko na yi fashin kwana ɗaya, kada in dawo.

Ƙarfe biyu na shiga banɗaki, na tokare ƙofar da ƙafa. Wari, zafi, mutum uku suka ƙwanƙwasa, ɗaya har da tambayar ko na suma. Nonon ya ƙi saukowa. Ko rabin kwalba ban samu ba, ƙirjina kuwa ya yi tauri kamar dutse.

Sai wajen ƙarfe biyar aka ce in je in ɗauki kayana. Na tarar da firij ɗin a bayan gini, a tsakar rana, wayarsa naɗe a kansa. Tun sha biyu manaja ya sa aka fitar da shi don yana jan wutar batura ba da izini ba. Ko buɗe shi ba su yi ba. Kwalaben sun yi ɗumi, na buɗe ɗaya na shinshina, nonon ya riga ya juya. Na zubar da su a magudanar ruwa ina zagin manaja, ina zagin mai kamfani, ina zagin gajimarensu, kaina kaɗai na bari don shi na fi jin haushi.

Mama tana bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa da na isa. Ta karɓi jakata kamar kullum, ta fito da kwalaben, ta ɗaga su a haske. Na zauna na karɓi 'yata, ta kama nono da ƙarfi har na ji zafin a haƙorana.

“Gobe fa?” Mama ta ce. “Za ki zauna a gida?”

“In na zauna, na zauna ke nan.”

“To me zan ba ta in wanda za ki tatsa da asuba ya ƙare?”

Mama ta daɗe tana kallona. Sannan ta saka mayafinta, ta ɗauki jakar kuɗinta, ta ce in faɗa mata wacce daga cikin madarar biyun ce aman bai yi yawa ba.