Lambar da Ba Ta Tashi

A shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Malam Mahmuda yana koyar da boko a zauren wani dillalin goro a unguwar Sabo ta Ibadan. Ɗalibansa goma ne, ba su da littafi, alli ma sai an yi sa'a. Kwali yake yankawa ya rubuta da gawayi. Ta gomansu ita ce Haulatu, wadda aka gudo da ita daga Inugu zuwa Makurɗi, daga can Ilori, kafin ta sauka hannun gwaggonta Azumi mai ƙosai. Har yanzu ba ta kwance ƙunshin kayanta ba.

Wata rana Malam ya raba musu kwalaye, daga ɗaya zuwa goma, kowace lamba da sunanta a rubuce. Haulatu ta sami uku.

"Gobe za ku sake jeruwa, amma bisa abacada," in ji Malam. "Akwai lambar da ba za ta tashi daga wurinta ba. Wanda ya gano ta, shi zai riƙa riƙe ta."

Ɗanbaba, ɗan mai zauren, ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke 'yar Inugu, uku da wasalin u take farawa. Ƙarshen layi za ki koma, bakin kwata!"

Haulatu ta gaji da tashi. Ta ƙudurta kwalin da ba zai tashi ba nata ne.

Da yamma ta tsuguna kusa da murhun gwaggo tana zane a ƙasa da gawayi. Bakwai, biyar, biyu, ɗaya, goma, huɗu, shida. Da ta zo kan t, sai ta sa tara gaban takwas, don ta fi gajarta, kuma a layi gajere ne ke gaba. Ta ƙirga da yatsa. Babu wadda ta zauna.

"Gwaggo, duka sun tashi."

"Su wa? Ke matsa, kar mai ya fallatsa miki."

Ta share, ta sake. Amsa ɗaya. Ta share har tafinta ya yi baƙi.

Da safe ta riga kowa zuwa. "Malam, babu ita. Na duba."

Malam bai ce ta yi kuskure ba. Ya jera kwalayen duka goma a gabanta. "Biyar da biyu, ya kika raba su?"

"Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sai a na huɗu suka bambanta."

"Madalla. Takwas da tara fa?"

Ta ɗora yatsa a kan t da a na kowace kalma, ta matsa gaba. Nan k, can r. Ta musanya su, ta ƙirga a hankali. Takwas ta faɗa a wuri na takwas. Tara a na tara.

"Biyu ne, Malam! Ba ɗaya ba!"

"Ai kuwa. Zaɓi."

Ta ɗauki takwas, lambar Ɗanbaba, ta miƙa masa uku da ya shigo yana hamma. "Bakin kwata na jiranka."

Da aka jeru, yara suka yi ta ture juna suna sauya wuri, ita tana tsaye inda take. Haulatu ta gane cewa ba tsawon kalma ake dubawa ba, baƙi bayan baƙi ake bi, kuma ko layi ya hargitse akwai wanda ke zama a wurinsa.