Kyamarar da ke Mutuwa a Hanyar Ɗanzomo

Tsohuwar Fijon Alhaji Ɗantsoho ta girmi direbanta, Ilu. Tun Alhaji na da ƙarfin tuƙi yake hawanta, da idonsa ya yi rauni sai ya damƙa wa Ilu makulli, yana jigilar fasinja daga Gumel zuwa Ɗanzomo da Sule Tankarkar.

Wani maƙwabci ne ya fara jefa wa Alhaji maganar, wai an ga motar a bakin iyaka bayan Maigatari da jarkokin fetur a ciki. Alhaji bai tambayi Ilu ba. Ya kira 'yarsa Rahama da ke Kano, ta aiko masa da ƙaramar kyamara irin wadda ake mannawa a gilashin gaba.

Ubale, mai gyaran wutar mota a bayan tasha, shi aka kai wa ya haɗa ta, ya daɗe kansa na ƙarƙashin sitiyari. Ramin kunna taba da ake jona kyamarar ya mutu tuntuni, wayoyin kuma sun bushe, ka taɓa robar ta ruguje. Ya ce motar ba ta san irin wannan kaya ba, amma zai ja sabuwar waya daga akwatin fis. Ilu na tsaye gefe, hannu a aljihu. Da aka ce masa don haɗari aka sa, sai ya ce Allah ya kiyaye, ya kau da kai.

Duk yamma Alhaji kan sa a zare katin da kyamarar ke ajiye hoto a nuna masa a wayar hannu. Hoton yakan fito tas daga Gumel, amma da zarar an sauka daga kwalta sai baƙi, ba ya dawowa sai motar na shigowa gari. Ilu ya rantse bai taɓa ta ba. Alhaji a ransa ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Ranar wata Asabar, ba sanarwa, ya zo tasha ya shige gidan gaba. Idonsa bai bar hannun Ilu ba. Suna hawa burji motar ta soma kakkaɓi, ɗan jan hasken kyamarar ya yi ƙifta-ƙifta ya ɗauke, hannuwan Ilu duka biyu na kan sitiyari.

"Alhaji, ka gani?" in ji Ilu.

"Na gani."

Suka isa Ɗanzomo. A can, ƙarƙashin wata darbejiya, Ilu ya ce shi ba zai iya tuƙi ana leƙensa kamar ɓarawo ba, in an koma gida a nemi wani. Alhaji ya ba shi haƙuri, amma da rabin baki.

Da suka dawo Ubale ya duba, ya ce bakin fis ɗin ne ya yi tsatsa, gargada ke raba shi. Ya kankare, ya ɗaure. Alhaji na shirin tafiya ya ji Ubale ya ce wa Ilu ya gaishe masa da Zakiyya. Ya tambayi wani bakanike wace ce, aka ce ƙanwar Ubale ce, matar Ilu.

Alhaji ya tsaya yana duban su biyun. Bai karɓi makullin daga hannun Ilu ba, amma washegari ya sa aka kai motar Gagarawa a sake duba haɗin kyamarar, wurin wani mai gyaran da bai san kowa a Gumel ba.